Hayaƙin Banda a Bakin Gulbi

Duk wanda ya taɓa shigowa Yelwa ta ruwa da sassafe a watan Janairu ya san yadda garin ke kwana a lulluɓe. Tun kafin ka hango hasumiyar masallaci, tun kafin ka ji hayaniyar bakin tasha, abin da za ka fara gani shi ne wani farin mayafi shimfiɗe a kan ruwa, bai tashi sama ba, bai kuma watse ba. Rabinsa hazon hunturu ne, rabinsa hayaƙi. Hanci ne ke raba su: hazo ƙura ce mai tsayawa a maƙogwaro, hayaƙin kuwa na ɗauke da ƙanshin man kifi da ke ɗiga a kan garwashi. Mu da muka tashi a nan, wannan ƙanshi shi ne gida. Lokacin da nake karatu a Zariya, duk ranar da na kwance ƙunshin kifin da aka aiko mini, sai in ji kamar ina tsaye a bakin gulbi. Sai da na girma na gane cewa abin da nake shaƙa da marmari shi ne ya ci idon Gwaggo, ya ci ƙirjinta.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ta yi aure a wata tunga kudu da Yelwa, ta ɓangaren Ngaski, kuma can ake kai ni hutu. Murhunta ginin laka ne zagayayye, tsawonsa ya kai ƙugu, da baki a ƙasa inda ake tura itace, a sama an gitta ƙarafa an ɗora ragar waya. Da zarar jirage sun dawo da hantsi, sai ta zauna ta feɗe kifi. Tarwaɗa takan lanƙwasa ta, ta soke wutsiya a kai da tsinke ta zama kamar ƙawanya. Giwan ruwa sai an yi masa gunduwa-gunduwa. Ƙurungu da karfasa a jera su yadda suke. Ranar farko wuta mai ƙarfi ake so don kifin ya dahu ya zubar da ruwa, daga nan sai a rage ta, a rufe da tsohon kwanon rufi, a bar hayaƙi ya yi aikinsa kwana biyu ko uku, gwargwadon nisan kasuwar da za a kai shi. Kuma kifi ba ya juya kansa. Kowane ɗaya sai ta ɗaga kwanon, ta sunkuya, ta sa fuska cikin turnuƙun, ta juya shi da hannu, sau da yawa da goyo a bayanta.

Na taɓa tambayarta, ina ɗan shekara tara ko goma, ina tsaye daga nesa hawaye na zuba mini: "Gwaggo, ke idonki ba ya yi miki zafi?" Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ɗan nan, idon da ya ga hayaƙi shi ke ɗebo wuta. In na gudu, wa zai juya kifin?"

Banda ta girmi kowa a ƙasar Yauri. Tun zamanin da sarauta ke Bin Yauri, tun kafin ta koma tsibirin Ikum sannan ta zauna a Yelwa a 1888, Gungawa suna kan tsibiransu suna noma gero da albasa suna su, Sarkawa kuma da suka gangaro daga ƙasar Kabi suna bin kifi daga tunga zuwa tunga, don su ba su da wata sana'a sai ruwa. Matsalarsu guda ce, kuma ita ce har gobe: kifin da aka kama da asuba, in ba a yi masa dabara ba, kafin la'asar ya fara wari. Gishiri a lokacin kaya ne mai tsada da fatake ke kawowa daga nesa, ba wanda zai zuba shi a kan kifi da yawa. Ƙanƙara kuwa babu ita. Abin da Allah ya hore shi ne itace, kuma daji na nan har bakin ruwa. Da wuta aka mayar da kifin kwana ɗaya ya zama na watanni, ya hau kan jaki da kan mutum ya shiga ƙasashen Kambari da Dukkawa da Dakarkari, inda aka musanya shi da dawa.

Sai dai bandar wancan zamani tana da lokacinta. Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara: farin ruwa na damina, mai laka, daga ruwan saman ƙasashenmu, da baƙin ruwa da ke isowa cikin sanyi bayan doguwar tafiya daga tsaunukan Gini. Babban su sai ruwa ya ja baya, kifi ya taru a gurbi da tafkuna. A nan ne murhu ke ci dare da rana na wasu makonni, sannan ya huta. Tsofaffinmu sun ce da damina ciyawa har fitowa take yi a cikin murhu.

Madatsar ruwa ta Kainji ce ta sauya wannan lissafi. An fara ginin a 1964, kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka toshe ruwan a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairun 1969. Tafkin da ya taru ya haura murabba'in kilomita 1,200, ya miƙe sama da kilomita 130 daga bakin madatsar har zuwa Yelwa. Tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, ya nutse. Mutane kusan 44,000 aka tasa daga gidajensu, kuma Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, don tsibiransu da fadamun albasarsu suka tafi ƙarƙashin ruwa.

An gina wa mutane sababbin ƙauyuka, gidajen bulo da rufin asbesto. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan zafin ɗakunan da yadda tsarinsu ya saɓa wa zaman gida irin namu. Akwai wani abu guda da na ji daga bakin matan da suka zauna ciki, wanda ban cika ganin an kula da shi ba. Tsohon ɗaki na jinka yana numfashi. In an hura wuta a ciki da sanyi, hayaƙi yakan sulale ta cikin ciyawar ya fita, har ma ya kashe ƙwarin da ke cin ta. Sabon rufi ba ya barin komai ya wuce. Mutane suka shiga da al'adarsu ta hura wuta a ɗaki, rufi ya riƙe hayaƙin ya mayar musu.

A cikin ruwa kuwa wani abu ya faru da ya wuce zaton kowa. Gonaki da ciyayi da dazuzzukan da suka nutse suka ruɓe suka zama abinci, kifi ya hayayyafa, musamman faliya. A 1971 abin da aka kama a tafkin ya kai kusan tan 28,000. Labari ya bazu, masunta suka yi ta tururuwa: Sarkawa daga Argungu, Nufawa daga ƙasa, Zabarmawa, mutanen Mali da gurarsu, har da masunta daga kudancin Nijeriya. Ragar roba ta maye gurbin wadda ake saƙawa da hannu, injin ya hau bayan jirgi. Tungaye suka cika gaɓa daga Shanga har Wara, suka tsallaka zuwa Malale. Motoci suka riƙa lodi a Yelwa suna bin hanyar Kontagora zuwa Kaduna da Ibadan da Legas, amma babbar kasuwar kifin Yauri ita ce Anacha. Tafiyar kwanaki ce a cikin zafi, don haka ɗan kasuwa ba ya karɓar kifi sai wanda ya bushe ƙamas, ya yi baƙi. Murhun da ke hutawa da damina ya daina hutawa.

Kifin bai dawwama haka ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya faɗo ƙasa da tan 5,000, sannan ya sake ɗagawa a shekarun 1990 saboda tarun dala da ke kwaso warangi, ɗan mitsitsin kifin nan da ake shanyawa a rana. Amma itacen da aka sare bai dawo ba. Mai banda ba kowane itace take so ba, tana son mai nauyi, mai daɗewa yana ci, mai ba kifi launi: ƙirya, marke, taura. Da waɗannan suka yi nisa aka koma kan kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da kakanninmu ba sa sa wa gatari saboda abin da suke ba gida. Ina yaro na ga ana ɗebo itace a ƙafa daga bayan tunga. Yanzu a jirgi ake kawo shi, ana sayar da shi ɗauri-ɗauri, kuma wadda kuɗinta bai kai ba takan haɗa da ɗanye, da kara, da ɓuntun shinkafa, wani lokaci har da leda don wuta ta kama. Ɗanyen itace kuwa hayaƙinsa ya ninka na busasshe.

A al'adarmu hayaƙi ba abin tsoro ba ne, kuma a nan ne wahalar maganar take. Gidan da hayaƙi ke tashi shi ne gidan da za a ci abinci. Da hayaƙi ake korar sauro a bakin ruwa, da shi ake turara jariri da mai jego, da shi ake yi wa marar lafiya magani. In mutum ya kama tari sai a ce sanyin gulbi ne, in idonsa ya yi ja a ce hunturu ne, in tsohuwa ta daina gani a ce shekaru ne. Ban taɓa jin an ce murhu ne ba. Ni kaina da na ga Gwaggo ta fara tsayawa tana hutawa tsakanin bakin ruwa da gida, tafiyar da ba ta kai taku ɗari biyu ba, girma na ɗora wa laifin. Sai da muka kai ta asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta, likita ya ja ni gefe ya tambaye ni shekara nawa ta yi tana shan taba. Matar da ko goro ba ta cika ci ba. Da na gaya masa sana'arta sai ya gyaɗa kai, ya ce ba ita ce ta farko ba. Yanar ido ta riga ta rufe mata ido ɗaya a lokacin.

Abin da ke cikin hayaƙin itace sananne ne ga masana. Akwai ɓurɓushi ƙanana ƙwarai, waɗanda suke kira PM2.5, da in an jera talatin daga cikinsu da ƙyar su kai kaurin silin gashi. Hanci ba ya iya tace su, suna wucewa can ƙarshen huhu, wasu su shiga jini. Akwai iskar da ke hana jini ɗaukar numfashi, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Akwai kuma sinadarai masu haddasa sankara, waɗanda ke ƙaruwa idan man kifi ya ɗiga a wuta ya ƙone, kuma suna manne wa kifin kansa, shi ya sa ƙasashen Turai suka sa tsattsauran ma'auni a kan bandar da ake shigar musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida, na girki da itace da gawayi da kananzir, ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000, yawancin yaran ta hanyar ciwon huhu. Wannan lissafi na mai dafa tuwo ne, wadda ke tsayawa a kan wuta sa'a biyu ko uku. Mai banda wuni take yi, ta kwana.

Hunturu kuma yana ƙara wa abin nauyi. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana sauka a kanmu daga Nuwamba zuwa Maris. Da dare ƙasa tana hucewa da sauri, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar murfi. Hayaƙin da ya fito daga murhu ba shi da hanyar tashi, sai ya kwanta a kan tunga da ruwa har rana ta ɗaga. Wannan ne mayafin da ake gani daga jirgi. Irin wannan murfi ne ya rufe birnin Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, ya danne hayaƙin kwal a kan mutane, aka ƙirga gawa 4,000 a kwanakin farko, daga baya bincike ya kai adadin kusan 12,000. Su nasu ya zo a mako guda, a babban birni, gaban 'yan jarida, sai majalisarsu ta yi dokar tsabtace iska a 1956. Namu yana zuwa ne da kaɗan-kaɗan, tunga bayan tunga, mace bayan mace, kowacce a yi mata salla a ce kwana ya ƙare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabara ta daɗe da samuwa. Tun 1969 aka ƙirƙiro murhun Chorkor a wata unguwar masunta a Akara, babban birnin Gana, da haɗin gwiwar Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da matan unguwar. Ginin laka ne shi ma, amma mai kusurwa huɗu, ana jera farantan katako masu ragar waya ɗaya bisa ɗaya, su zama kamar bututu, wuta guda ta gasa kifin da a da sai murhu da yawa, itace ya ragu sosai, kuma faranti ake ɗagawa a sauya, ba kifi ɗaya-ɗaya ba. Wajen 2008 aka fito da wani a Thiaroye ta ƙasar Senegal, mai murfi da farantin tare mai don kada ya ɗiga a wuta. A nan kusa da mu, cibiyar binciken kifi ta New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, ta ƙera nata murhu mai aiki da gas. Duk da haka, in ka bi gaɓa yau daga Yelwa zuwa Wara, murhun Gwaggo za ka fi gani, ko rabin duro da aka huda.

A ganina dalilan a fili suke. Faranti yana son katako da waya da kafinta, mai banda kuwa jarinta na kifin gobe ne. Tunga tana bin ruwa, in ya ja a bi shi, in ya cika a gudu, ba kowa zai kashe kuɗi a ginin da zai bari ba. Idan aka kira taron horarwa a gari, maza ne ke zuwa, alhali yawancin masu tsayawa a kan wutar mata ne. Sannan ɗan kasuwa ya saba da baƙin kifi, in ya ga mai launin zinariya sai ya ce bai gasu ba, ya karya farashi.

Akwai kuma maganar ƙanƙara. An gina Kainji don lantarki, injinanta takwas an tsara su ba da megawat 760, kuma babban layin da ke kai wuta Birnin Kebbi, wanda daga can ake tura wa Yamai, ta ƙasarmu ya ratsa. Da a ce tun 1969 an sa gidan ƙanƙara da ɗakin sanyi a kowace babbar tashar kifi, da wani kaso mai yawa na kifin nan ya tafi kasuwa ɗanye, ya fi daraja, bai ga wuta ba. Mutanen da suka ba da gonakinsu da kaburburan iyayensu don a samu wannan wuta sun fi kowa cancantar ta, kuma tungaye da yawa har yau fitilar batir suke kunnawa.

A kan tsohon hayaƙi an sami sababbi. Janareto a kowane shago a Yelwa, babura, injinan jirgi masu cin fetur haɗe da baƙin mai suna barin shuɗin hayaƙi a kan ruwa, injinan niƙa dutse na masu neman zinariya a kewayen Bin Yauri da ƙurarsu, ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motocin birni. Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa da suka fara girki da gas suka koma itace. Ita ma Anacha da muke aika wa kifi, a 2016 sunanta ya fito a sahun gaba cikin jerin biranen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna ƙazantar iskarsu. Amma a ƙasar Yauri, in ana maganar wanda ya fi kowa shaƙa, har yanzu mai banda ce da abin da ke bayanta.

Ban yarda cewa ba a iya sauya al'adar bakin ruwa ba, don na ga an sauya. A shekarun 1990, aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus kan kifin tafkin Kainji, wanda aka fara a 1993, ya so a daina jan tarun dala saboda yana kwashe 'ya'yan kifi. Ba da 'yan sanda kaɗai aka yi ba. An bi ta fadar Yauri da ta Borgu da ta Kontagora, aka zauna da Sarakunan Ruwa, su suka kai maganar tunga-tunga, kuma mutane suka ji. Hanyar da aka bi don ceton kifi, ita ce za a bi don ceton mai gasa shi.

Gwaggo ta rasu da sanyi, cikin dare, tana zaune jingine da bango don kwanciya ta gagare ta. Murhunta na nan, an sake yaɓe shi, jikarta ce ke kansa yanzu, kuma ta haihu bara.

Ina roƙon Masarautar Yauri da Sarakunan Ruwa, da shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da hukumar HYPPADEC da aka kafa domin yankunan da madatsun ruwa suka shafa, su ɗauki murhun banda a matsayin maganar lafiya. A koya wa magina da kafintocinmu yin murhu mai faranti, a kai horon cikin tunga inda matan suke, a ba su bashin faranti su biya da kaɗan-kaɗan, a sa ƙanƙara a tashar Yelwa da ta Wara, a dasa itacen da za a sara. Kafin wannan ya samu, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. 'Yan'uwana mata na bakin gulbi, ku gina murhu a fili ta inda iska ke kwashe hayaƙi daga ɗakunan kwana, ku bar itace ya bushe, kada ku sa leda a wuta. In za ku ɗaga kwano ku juya kifi, don Allah ku sauke goyo ku miƙa wa wani tukuna.